Gwangwanayen Baturiya

Duk wanda ya yi kolej a Diffa daga shekarar 1990 zuwa sama ya ci fanken Baturiya, ko nasa ko na abokinsa. Wurin zamanta ɗaya ne, gindin bedin, wato darbejiyar, da ke hannun dama idan ka fito daga kolejin da mutanen gari ke kira Tudu. Sunanta na yanka Balkisa, amma tun a Damagaram aka laƙaba mata Baturiya saboda haskenta, sunan kuwa ya biyo ta har bakin kogin Komadugu. Mijinta Halilu ne ya kawo ta lokacin da ya samu aikin gadin kolejin. Da ya rasu a 1993 dangi suka aiko ta koma gida, ta ce ta gode, ita kam ta saba da ruwan nan. Allah bai ba ta haihuwa ba. Abin da take da shi gida ne mai ɗaki uku, da kasko, da ƴaƴan mutane.

A wancan lokaci, idan ɗan ƙauye ya ci jarrabawar shiga sizyam, wato ajin farko na kolej, ba karatun ne ke fara hana ubansa sukuni ba, masauki ne. Wa zai riƙe shi a birni, ya ba shi tuwo, ya tashe shi da safe? Manoman tattasai na bakin kogi, daga Chétimari har zuwa wajen Bosso, sai su zo ranar Talata, su sauke kayansu a kasuwa, su nufo gidan Baturiya. Wasu masauki suke nema. Da yawa kuma shawara ce ke kawo su, don an ba su takarda a ce su zaɓi makaranta, su kuwa ba su san bambancin wannan da waccan ba.

Baturiya ba ta yi lakwal ba, wato boko, ko sunanta ba ta iya karantawa. Amma tana da dabararta. Duk shekara, ranar da gidan rediyo zai karanto sunayen waɗanda suka ci birebe, jarrabawar fita kolej, ba ta ɗora kasko. Sai ta shimfiɗa tabarma, ta jera gwangwanayen tumatir a gabanta, kowane da makarantarsa: na Tudu, na faranko-arab, na Maine-Soroa, na N'Guigmi, daga baya ta ƙara ƙarami guda na kolejin kuɗi da wani tsohon malami, Malam Grema, ya buɗe can yamma da gari. Suna ɗaya, ƙwallon dabino ɗaya. Idan mai karatun ya yi tari ko ya maimaita suna, ta san ya maimaita, ba ta sa biyu. Wanda ya yi mata sallama a ranar sai dai ya jira.

Idan baƙo ya zo neman shawara, ba ta cika masa kunne. Sai ta miƙa masa gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya ta ce ya girgiza. Daga nan ta ɗora nata bayanin: na Maine ga mai dangi a Maine, na N'Guigmi ga yaron da ba ya kukan gida, don ba kullum ake samun mota ba, faranko-arab ga wanda ubansa ke tsoron kada boko ya cinye masa allo. Sauran kuwa Tudu, ai ka ji nauyinsa da hannunka. Na Malam Grema takan karkaɗa shi kusa da kunnen mutum, ya yi ƴar ƙara kamar caki, a yi dariya. Ko a shekarun yajin aiki, da aka yi shekarar da ba a yi jarrabawa ba gaba ɗaya, mutane ba su daina zuwa ba. Sai ta fito da na bara.

Cikin masu zuwa babu kamar Ba Kalli, wani manomin tattasai na Chétimari, dogo, mai magana a hankali da Hausarsa mai nauyin Barbarci. Ƴaƴansa huɗu a ɗakinta suka yi kolej, ɗaya bayan ɗaya. Kowace kaka yakan sauke mata buhun tattasai da na gero ba tare da ta tambaya ba. Da aka haifa masa auta mace, ya aiko amalanke aka ɗauke ta zuwa suna, tana zaune cikin mata ta ji an raɗa wa jaririya Balkisa. Ta yi kuka ranar har matar Kalli ta ce ko ba ta son sunan ne. Tun daga nan ba ta kiran yarinyar da komai sai Takwara, kuma tun yarinyar ba ta iya tafiya ba Baturiya ta ware ɗakin da ke jikin nata ta ce na Takwara ne idan ta shigo sizyam. Shekara goma sha biyu take jiran wannan shigowa.

Ana cikin haka Mushe Soumana, wato Malam Soumana a bakin ƴan boko, ya yi ritaya. Bazabarme ne da aiki ya kawo shi ofishin ilimi na jiha, ya daɗe har ya gina gida a yammacin gari, bai koma ba. Mutum ne mai fara'a, ga gilashi, ga tsohuwar jaka cike da takardun sakamako na shekara da shekaru. Ya kafa benci a ƙofar gidansa yana shan shayi, wani ya tambaye shi, ya amsa, wani ya kawo wani. Kafin shekara biyu Baturiya ta lura tabarmarta ta ranar Talata ta fara yi mata faɗi. Sau ɗaya ta bi ta layin da sunan za ta gaisuwar mutuwa, ta ga amalanke uku a tsaye, ga matarsa Maimouna tana fitowa da zoɓo mai ƙanƙara a kan tire. Ta dawo gida tana faɗa wa maƙwabciyarta cewa mutanen yanzu ba shawara suke nema ba, ruwan sanyi suke nema. Maƙwabciyar ta ce ai an ce mutumin kirki ne. Baturiya ta ce ita ma ba ta ce ɓarawo ne ba.

A damanar 2005 Takwara ta ci jarrabawar shiga sizyam, kuma ita ta zo ta ɗaya a inda suka zauna. Baturiya ta sa aka yi wa ɗakin sabon daɓe. Ranar Talata ta soya fanke na musamman tun da hantsi tana jiran Ba Kalli. Azahar ta yi bai zo ba. Wata mai kayan miya ce ta ce mata ai ta gan shi tun safe a bencin Mushe Soumana, da kofi a hannu.

Sai bayan la'asar ya yi sallama. Gaisuwar ta yi tsawo fiye da kullum, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya sake tambayar gida. Baturiya ta shiga ɗaki ta fito da gwangwani biyu ta dire a gabansa, na Tudu da na Malam Grema. Ta ce bana casa'in ne a wannan, sha bakwai a wancan, ya girgiza ya ji.

Bai taɓa su ba. Ya ce: “Ya Baturiya, na san nauyinsu. Amma Mushe ya tambaye ni wani abu. Ya ce idan ina da babban fage, iya ganinka, ya ba ni buhu casa'in, ina kuma da ɗan lambu kamar tsakar gidan nan ya ba ni buhu sha bakwai, wace ƙasa ce ta fi kyau?”

Ya ce a takardar Mushe, yara ɗari uku ne suka zauna jarrabawa a Tudu, casa'in suka ci. A wurin Malam Grema ashirin suka zauna. Kuma tattasai ya yi kyau bana, yana iya ɗaukar nauyin makarantar kuɗi. Sai dai makarantar tana da nisa da nan, yarinya ƙarama ba za ta iya ratsa gari sau huɗu a yini ba. Madam Maimouna ta ce akwai wuri a gidansu.

Abin da ya fi ƙona Baturiya shi ne ta gane maganar tun kafin ya rufe baki. Ita da ke auna gari da mai kullum, ta san abin da kwano ɗaya ya kamata ya fitar. Shekara goma sha ɗaya tana ƙirga waɗanda suka ci, ba ta taɓa tambayar nawa suka zauna ba, don rediyo ba ya karanta sunan wanda ya faɗi. Ta ce wa Kalli ƴarsa ce, ya yi yadda ya ga dama. Ya ce bai yanke ba tukuna, sai Talata mai zuwa. Fanken ma bai ci ba, ita kuma ba ta ce ya ci ba.

Makon nan ba wanda ya ji daɗinta. Ta yi faɗa da mai itace, ta yi faɗa da akuyar maƙwabta. Tana tuƙa tuwo tana ganin Takwara zaune a falon Maimouna ƙarƙashin fanka, ana koya mata cin abinci da cokali, ana gyara mata ɗaurin kallabi irin na mutanen Yamai. Ita da ta goya yarinyar a bikin yayanta, ita da ta san tana tsoron kaza, wata can da ko Barbarcin gaisuwa ba ta iya ba za ta wayi gari ta zama uwa. Ta nemi aibin Soumana ta kowace hanya ta rasa. Ba ya karɓar komai a hannun mutane, ba ya shaye-shaye, sallar asuba a masallaci yake yi. Wannan ma haushi ya ba ta.

Ranar Asabar ta je wurin Sallau tela karɓar ɗinkinta, ta tarar da shi ya nutse cikin shuɗin yadi, kayan makarantar Malam Grema. Ta ce masa lalle bana ya yi kasuwa. Sallau, da allura a baki, ya ce ai wannan shuɗin shi ne abin son tela, don ɗinkin wata huɗu ne. Janairu na yi, wasu za su dawo ya ɗinka musu kaki na Tudu, shekara mai zuwa wasu kuma. Ta tambaye shi nawa yake ɗinka wa ƴan sizyam. Ya ce shi kaɗai Malam Grema ke ba aikin, ba ya kasa sittin.

Baturiya ta zauna a kan bencinsa ba tare da an ce ta zauna ba. Ta san yaran nan. Duk tsakiyar shekara sukan ɓullo a ƙofar Tudu, riga kaki wando shuɗi, don uba bai samu damar sauya duka ba. Sukan tsaya nesa da sauran, su sayi fanke su juya baya su ci. Shekaru tana ganinsu, tana ƙara musu ɗaya a kai don tausayi, ba ta taɓa haɗa su da ƙaramin gwangwaninta ba. Ta tashi ta tafi, ta manta ɗinkin da ya kawo ta.

Ranar Talata ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi, ta hau babur ɗin kabu-kabu, abin da ba ta cika yi ba, ta sauka a ƙofar Mushe Soumana. Mutum shida ne a bencin, har da Ba Kalli. Soumana ya miƙe ya ba ta kujerarsa, ya ce yau babbar baƙuwa, ya daɗe yana jin labarin gwangwanaye. Maimouna ta kawo zoɓo, Baturiya ta ce ta gode, sanyi na taɓa mata haƙori.

“Mushe, tambaya na zo yi, ni jahila,” in ji ta. “Ashirin ɗin nan da suka zauna jarrabawa wurin Malam Grema, su nawa ne ranar da suka shiga sizyam?”

Ya buɗe jaka ya duba, ya sake dubawa, ya ce takardunsa daga ƙofar jarrabawa suka fara.

“To ni daga ƙofar makaranta na fara. Sun fi sittin. Ka tambayi Sallau tela. Duk wanda aka ga ƙafarsa na rawa, sallamarsa ake yi tun da wuri, ya taho mana Tudu da wandonsa shuɗi. Idan ya faɗi, a cikin ɗari ukunmu kake ƙirga shi. Ba Kalli, kai ne manomi. Lambun da ake tsince ruɓaɓɓe a jefa gonar maƙwabci kafin a auna, yaya sunansa?”

Wani tsoho a bencin ya fara dariya. Baturiya ta gyara zama tana jiran gardama, don ta zo da sauran magana a ciki. Soumana ya cire gilashi ya goge, ya ce wallahi Inna ta yi gaskiya, shekara ashirin da biyar yana aikin nan bai taɓa duba abin ta wannan gefe ba. Ya ciro biro ya fara rubutawa a littafinsa, yana tambayarta wane wata suka fi zuwa. Ta ji kamar ta fizge littafin. Har maganar tata ma zai sa a takarda, gobe a ce Mushe ne ya gano.

Amma ta ci, kowa ya ga ta ci. Tana shirin miƙewa ta ce wa Kalli su tafi gida ya ga daɓen, sai ya ɗaga mata hannu.

“Ya Baturiya, na ji ta Mushe, na ji taki. Yanzu ban san komai ba, na fi ɗazu ruɗewa. Bar maganar yara sittin. Takwararki nake tambaya. Ke kin san ta, kin san Tudu ciki da waje. Inda kika ce, nan zan kai ta.”

Kalma ɗaya ce tsakaninta da yarinyar. Ta ce Tudu, an gama, ba mai musa mata a bencin nan yau. Ta dubi Maimouna da ke tsaye bakin ƙofa da tire a hannu, mace mai tsabta, mai murmushi, wadda ba ta yi mata komai ba, ta ji zuciyarta na cewa faɗi mana. Sai dai ta san ajin sizyam na Tudu. Tana jin hayaniyarsa daga gindin bedi, yara sun haura casa'in, na baya ba sa ganin allo, masu ƙarfi ke kama bencin gaba. Ta san Takwara, ƴar firit, mai muryar da sai ka sunkuya kake ji, wadda idan aka ture ta ba ta ramawa. Yayyenta huɗu maza ne masu kafaɗa, su ma biyu ne suka fita da birebe. Kuma ta san irin waɗanda Malam Grema ke sallama. Ba ya sallamar wadda ta zo ta ɗaya.

Da ta yi magana, ba ta dubi Kalli ba.

“Ka kai ta wurin Grema. Irinta yake nema, zai riƙe ta kamar ƙwai don ta cika masa takarda. Amma kada wani a nan ya kai ɗansa mai rauni can ya ce ni na faɗa.” Ta miƙe ta gyara mayafi. “Madam, ba ta cin kuɓewa. Kuma idan ta yi shiru ba fushi take ba, kunya ce.”

Maimouna ta ce in sha Allahu za ta riƙe ta kamar ƴar cikinta. Baturiya ta ce ba sai kamar ƴar ciki ba, riƙon amana ya isa. Kabu-kabu ma ba ta tsaya nema ba, da ƙafa ta ratsa garin.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, Kalli ya fara biyowa da yarinyar ta gidanta don gaisuwa. Takwara ta leƙa ɗakin mai sabon daɓe ta ce na wa ne, Baturiya ta ce na ajiyar gero. Aka ɗauki akwatinta aka wuce yamma. Mutanen Talata sun ɗan dawo mata bayan abin da ya faru a bencin, wasu ma Soumana ne da kansa ke turo su, yana cewa su je su ji ta bakin Inna. Ba ta ji daɗin komai a ciki ba. Labari kawai ke iso mata: an ga Takwara a bayan babur ɗin Mushe, an ji tana kiran Madam da Mama, da safe burodi da bota ake ba ta.

Mako uku ta daure. A na huɗu ta kira mai amalanke ya ɗora murhu da kasko da kujerarta, ta bar gindin bedin da ta zauna shekara goma sha biyar. Kafin Juma'a wata mai awara ta gaje wurin. Ƙofar Malam Grema ba inuwa, sai katangar siminti da rana ke duka tun hantsi, yaran kuma ba su kai rabin rabin na Tudu ba, kwano ɗaya ma ba ya ƙarewa. Maƙwabciyarta ta ce ta haukace. Kullum da sassafe take fita ta ratsa gari, don ƙarfe bakwai da rabi ta same ta zaune, da fanke uku masu zafi a rufe cikin ƙaramin kwano wanda ba na sayarwa ba.

Bayan kamar wata guda, sai ga Maimouna da kanta ta rako yarinyar. Ta bari Takwara ta karɓi kwanon ta shige, sannan ta matso, murmushin nan nata ya ɗan yi tauri. Ta ce ta zo ne a yi magana ta fahimta: yarinya ta daina karyawa a gida, ana haɗa mata shayi da burodi tana cewa ta ƙoshi, Mushe har ya fara tambaya ko wani abu aka yi mata.

Baturiya ta juya fanken da ke cikin mai, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi sauri ba.

“Madam, kina da ita da rana, kina da ita da yamma, a gidanki take kwana, ke take kira Mama. Safiyar ma so kike?”

Baturiya ta tsame guda biyu ta naɗe a takarda ta miƙa wa Maimouna, ta ce ta kai wa Mushe, kuma ta faɗa wa yarinyar ranar Asabar ta zo kitso da wuri, don wanda aka yi mata a can bai kama ba.